Ka gwada katin girafik ɗin kafin kuɗinka su bar hannunka

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tambayar da ka yi game da kwamfutar tebur ta tokumbo da aka yi maka tayi a Sabon Gari, wadda mai shagon ya ce Core i7 ce (wato nau'in ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel) kuma babu gem ɗin da zai gagare ta, ta taɓa mini zuciya ƙwarai, domin da irin wannan daɗin bakin aka raba ni da kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Wanda ya sayar mini da tawa rantsuwa ya yi cewa katin girafik ɗin da ke cikinta, wato na'urar da ke sarrafa hoton wasa, GTX 1050 Ti ne, kuma da ya kunna ta sunan da ya fito ke nan. Da na kai ta gida na sa wasan ƙwallo, sai hoton ya riƙa tsayawa, layuka masu launi su cika fuskar, daga nan ta yi baƙi ƙirin. Wani mai gyara a Samaru ne ya sa mata manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin girafik, nan take ta nuna katin jabu ne, ashe tsohon GTS 450 ne na shekarar 2010 aka sauya masa suna. Da na mayar da ita, mutumin da ranar ciniki yake ce mini ƙanena har da ba ni kujera, shi ne ya ɗaure fuska kamar bai taɓa ganina ba, ya ce wutar gidanmu ce ta lalata ta, kuma kaya idan sun fita ba sa dawowa. A gaban jama'a ya faɗa, yaransa na shago suna dariya, ni kuwa ina tsaye rungume da ita cikin rana, ba rasit a hannuna balle shaida. Asarar kuɗin ba ta ƙona mini rai kamar yadda ya mai da ni maƙaryaci ba. Na bar shi da Allah.

Don Allah kada sunan i7 ya ruɗe ka, ka tambayi lambar da ke biye da shi. Idan i7-3770 ce, to tun 2012 aka yi ta, kuma i5-8500 ta fi ta amfani a yawancin wasanni. Windows 11 ma daga zubi na 8 na Intel ta fara karɓa (i5-8500 zubi na 8 ce, i7-3770 kuwa na 3), alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Mafi yawan kwamfutocin nan, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, daga ofisoshin ƙasashen waje aka kwaso su, don rubutu da lissafi aka ƙera su. Idan mai ƙaramin akwati ce, gidan wutarta ba shi da ƙarfin ɗaukar babban kati, katin ma ba zai shiga ba, sai siriri irin GTX 1650 wanda wat 75 ke isarsa. Idan kuwa Intel HD Graphics kawai ka gani, wato ba ta da katin girafik na daban, ka haƙura da ita, domin FIFA 23 ma mafi ƙarancin abin da take nema shi ne GTX 1050 Ti da RAM 8GB. A ganina ka nemi RAM 16GB da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri.

Ka je da wanda ya san harkar, da gem ɗinka a filas, ku buga a cikin shagon na kusan awa guda kuna duba zafinta da manhajar HWMonitor. Wadda ta haura digiri 90 a ƙarƙashin fankar shago ba za ta jure zafin Afrilu na Zariya ba, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokinta. A buɗe akwatin a gabanka ka ga katin da idonka. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza daga cikin abin da ka tanada, saboda kada a sami hujjar da aka kafa mini. Garanti kuwa na baki ba shi da amfani, a rubuta maka shi a rasit tare da sunan katin da lambar jikin kwamfutar, idan ya ƙi rubutawa ka ɗauki kuɗinka ka gwada wani shagon.