Amsa ga mai tambaya kan Elmina

Ɗan'uwa, ka ce daga Damagaram za ka Akara sarin kaya, ko Elmina, garin nan na bakin teku a Ghana mai tsohon gidan ajiye bayi, ta cancanci ka ratsa? Wallahi ka je. Turawan Fotigal suka gina gidan a 1482 daf da teku, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa 1872, har yau igwogin na nan bisa katanga sun yi tsatsa suna kallon ruwa, mu da muka saba da duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, sai ka riƙe baki. Amma kurkukun bayi na ƙasa ne ya karya mani zuciya, duhu, ba iska, da wata 'yar ƙofa da aka fitar da su zuwa jirgi. Ka tafi da sassafe, ka bi mai jagora.