Kamfanonin malta sun sauya hannu, ina makomar dawarmu?

TAMBAYA: Malam, ni dillalin hatsi ne a Dawanau. Duk kaka 'yan kwangila kan sari dawa a wurina, su ce ta kamfanonin malta ce. Yanzu na ji an sayar da Guinness, an kuma rufe wata masana'anta a Kaduna. In ci gaba da tara musu kaya, ko in ja hannu?
Mai karatu daga Kurna, Kano

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Labarin da ka ji gaskiya ne. A 2024 kamfanin Diageo na Ingila ya sayar da kashi 58 cikin ɗari na hannun jarin Guinness Nigeria ga Tolaram na Singafo, mutanen nan masu Indomie. A shekarar ce kuma Nigerian Breweries, masu Maltina, suka dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsu 9: ta Kakuri a Kaduna da ta Awo-Omamma a Imo.

Sai dai ba yau baƙi suka karɓe harkar ba. Heineken na Holan ne ke riƙe da Nigerian Breweries; ya saye masana'antun Sona a 2011, aka kuma haɗe Consolidated Breweries da Nigerian Breweries a 2014. International Breweries ta Ilesa ta koma hannun kamfanin AB InBev na Beljiyam bayan ya saye SABMiller, kamfanin da ke riƙe da ita, a 2016. Kusan duk kasuwar tana hannun gida uku.

Dala ce ta karya su, ba dawa ba. Suna da bashin kuɗin waje, naira ta faɗi a 2023, Nigerian Breweries kaɗai ta yi asarar naira biliyan 106. Wanda dala ta ƙona, kayan gida yake nema. Tun 1988, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, suka koyi aiki da dawa, kuma ko da aka ɗage haramcin ba su sake ta ba. Don haka ban ga dalilin jan hannu ba.

Abin da nake jiye maka daban ne. Masu saye sun yi kaɗan, su ne ke yanka farashi da sharuɗɗa: dawa busasshiya, ba tsakuwa, ba ƙwari, ba a gauraya kaura da farafara ba. Sabon mai gida kuma yakan sake duba 'yan kwangila, wanda ya saba sari a wurinka bana sai ka ji ba ya cikin layi. Kada ka loda tirela a kan alkawarin baki. A rubuta nauyi, farashi da ranar biya. Ka kuma ware wani kaso na sito don masu abincin kaji da masu sayen tiya-tiya.

Nan Kano, inda Hisba ke fasa kwalabe, na san za a ce kamfanonin nan giya ce babbar sana'arsu, kuma buhun da ya bar Dawanau ba ka san wace tukunya zai shiga ba. Wannan ba fagena ba ne. Ka kai wa malaminka tambayar kafin kaka.