Wahalar hanya ce ta gyara Odisiyos?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin adabi ne. An ce mana a waƙoƙin jarumta na Girkawan dā, tafiya mai wuya ce take ƙera jarumi. Mu ma muna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Haka abin yake a waƙoƙin, ko masu sharhi ne suka ƙara gishiri?

Amsa: Haka yake, ɗan'uwa, amma da gyara. Mu ɗauki Odisi, waƙar da ake danganta wa Homa, wanda ake ƙiyasin ya rayu wajajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana da babi 24 da layuka kimanin 12,000. Jaruminta Odisiyos, sarkin tsibirin Itaka, ya yi shekara 10 yana yaƙi a Taroi, ya ƙara wasu 10 a hanyar komawa gida. Ƙarfin damtse da wayo duk ya fito da su tun daga gida. Abin da hanya ta koya masa shi ne kame baki.

Dubi abin da ya faru a kogon Folifemus, ƙaton nan mai ido ɗaya. Ya ritsa su, ya cinye shida daga cikin mutanensa. Odisiyos ya ce masa sunansa "Ba Kowa", ya shayar da shi giya, ya tsone masa ido. Da ƙaton ya yi kururuwa cewa Ba Kowa ne ya cuce shi, sai 'yan'uwansa suka koma suka kwanta. Dabara ta yi. Amma yana hawa jirgi sai alfahari ya ɗebe shi, mutanensa na roƙonsa ya yi shiru, shi kuwa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya, da na ubansa, da garinsu. Da wannan sunan Folifemus ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, wanda Girkawa ke ɗauka shi ne mai iko da teku, ya roƙa cewa in ma Odisiyos zai isa gida, to ya isa a makare, shi kaɗai, a jirgin wasu, ya kuma tarar da fitina. Duk sai da suka tabbata.

To, kwatanta shi da mutumin da ya isa Itaka. Ya shiga gidansa cikin tsummokaran bara, ya tarar da maza 108 na cin dukiyarsa suna neman auren matarsa Fenelofi. Makiyayin awakinsa ya haure shi, Antinowus, ɗaya daga cikin manyan masu neman auren, ya jefe shi da kujera, bai ce uffan ba game da ko shi wane ne. A babi na 20 akwai wurin da na fi so: yana kwance da dare, zuciyarsa na tafasa, sai ya doki ƙirjinsa ya ce mata ta jure, ai ta jure abin da ya fi wannan muni ranar da ƙaton ke cin abokansa. Ka ga shi da kansa ya mayar da tsohuwar wahala guzuri. Shi ya sa Homa ke masa kirari da "folitlas", wato mai yawan juriya.

Ɗansa Telemakus ma ya yi tasa 'yar tafiyar zuwa Filos da Isfarta neman labarin uba, ya dawo ya iya tsayawa gaban manya.

Ga gyaran da na ce. Jiragen ruwa 12 na Odisiyos suka baro Taroi, shi kaɗai ya tsira. Sauran sun sha wahala iri ɗaya, ba ta ƙara musu komai ba. Suna hango Itaka suka kwance jakar da aka ɗaure iskoki a cikinta aka ba shugabansu, suna zaton zinariya ce, guguwa ta mayar da su baya. Daga baya yunwa ta sa suka yanka shanun Heliyos, wanda Girkawa ke ɗauka shi ne mai iko da rana, bayan an gargaɗe su, suka halaka a teku. Tun a layukan farko waƙar ta ce wautarsu ce ta ci su.

Kuma kada ka ɗauki haƙurin Odisiyos a matsayin yafiya. Jiran lokaci ne. Da bakansa ya shigo hannunsa, kibiyar farko da ya harba kan mutum a maƙogwaron Antinowus ta tsaya, kuma cikin masu neman auren nan ba wanda ya fita da rai.