Kafin ka goge Windows daga kwamfutocin ofishinka, Alhaji

Alhaji, barka da war haka. Na karanta tambayarka: kana da kwamfutoci 14 tsakanin ofishinka na Jekadafari, sito na Tudun Hatsi da reshenku na Kumo, duk na hannu ne, Windows 10 ce a kansu, an gwada Windows 11 ta ƙi hawa, sai wani yaro ya ba ka shawarar a goge su duka a ɗora Linux, wata babbar manhaja madadin Windows, tun da kyauta ce. Kana son sanin ko hakan zai yiwu ba tare da kasuwanci ya tsaya ba. Gyaran kwamfuta da haɗa ofisoshi ne sana'ata a nan Gombe, na kuma yi wa mutane irin wannan sauyi, wasu sun ji daɗi, wasu sun ce a mayar musu da abinsu.

Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. Gaskiya ne Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Kamfanin da yake son ci gaba da samu sai ya biya dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa duk shekara. Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, alhali yawancin HP da Dell na hannu da suka cika ofisoshinmu zubi na uku ne zuwa na shida. Akwai dabarar da yara suke yi su tilasta mata hawa, amma ni ba na son ta a kwamfutar da lissafin kuɗin mutane yake ciki, don ba ka da tabbacin sabuntawa ta gaba ba za ta juya maka baya ba.

To amma ɗora Linux shi ne mafi sauƙin aikin. Kafin a idar da sallar la'asar an gama kwamfuta ɗaya. Abin da yake kayar da mutane shi ne manhajojin da ake aiki da su kullum da kuma takardun da ke shigowa daga waje. Saboda haka kafin kowa ya taɓa komai, ka sa a zauna gefen kowane ma'aikaci a rubuta abin da yake buɗewa daga safe zuwa tashi. Kada a tambaye shi kawai, a zauna a kalla, domin sakatare zai ce maka "Word ne kaɗai", sai ƙarshen wata ka tarar akwai wani tsohon fayil na Access da ake fitar da albashi da shi tun zamanin wanda ya gabace shi.

In an yi wannan, za ka ga kwamfutocin sun rabu da kansu. Mafi yawa burauza ce aikinsu: shafin banki, Remita, shafin CAC, biyan haraji, imel, WhatsApp na kwamfuta. Waɗannan ba ruwansu da Windows, Chrome da Firefox suna aiki a Linux kamar yadda suka saba. Su ne za ka fara da su, kuma su ne za su fi amfana. Bairos ɗin filas da yake ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi, wanda duk wanda ya taɓa kai filas shagon fotokwafi ya san shi, ba ya tashi a Linux, hasali ma a kanta nake ceto fayilolin da ya ɓoye. Sannan sabuntawa ba ta zuwa ta cinye maka data da rana tsaka, kai ne kake cewa yanzu ko anjima.

Inda nake son ka tsaya ka yi tunani shi ne teburin akanta. Idan Sage 50 yake amfani da shi, wanda tsofaffin akantoci har yau suke kira Peachtree, ko QuickBooks na kan kwamfuta, ko Tally, to ka bar masa Windows ɗinsa. Babu ɗayansu da aka yi domin Linux. Za a ce maka akwai Wine da ke sa manhajar Windows ta yi aiki, kuma wani lokaci takan buɗe, amma littafin bashin manoma da dillalai ba wurin gwaji ba ne. Ko dai ka saya masa kwamfuta ɗaya mai ɗaukar Windows 11 da lasisi na gaske, ko a bar tsohuwar amma a cire ta daga intanet, a hana cusa mata filas ɗin kowa. Haka mai zana muku talla da lebul ɗin buhu: in CorelDRAW ne hannunsa, kada ka wahalar da shi. Inkscape, manhajar zanen da ke aiki a Linux, tana da kyau, tana ma buɗe wasu fayilolin Corel, amma masu buga bana da kalanda na garin nan fayil ɗin Corel suke karɓa, kuma ba za su sauya saboda kai ba.

Sai maganar Word da Excel, wadda ita ce take jawo yawancin ƙorafi. Madadinsu shi ne LibreOffice, kyauta ce, tana buɗe fayilolinsu tana kuma ajiyewa da irin tsarinsu. Wasiƙa, rasit, jadawalin kaya, fomulolin tarawa da ɗebewa, duk lafiya. Matsala takan fito a wuri biyu. Na farko fayil ɗin Excel mai makro, wato ƙaramin shirin da ake sa wa fayil ya riƙa yin wasu ayyuka da kansa, irin wanda kamfanin da kuke saro taki a wurinsa zai turo ya ce a cike a mayar. Wani yana aiki, wani maɓallansa su mutu. Na biyu salon rubutu. Takardar da aka buga da Calibri ko Times New Roman, in babu su a kwamfutar, sai layuka su zame, shafi biyu ya koma uku, sa hannun manaja ya faɗa shafin da babu komai. Maganinsa ba wuya: a saka salon rubutu na Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, a kuma sauke kunshin haruffan Microsoft da ya ƙunshi Times New Roman da Arial. Duk takardar da za ta fita waje kuma ba gyara za a yi mata ba, a tura ta a PDF. Masu ɗorawa da yawa ba sa yin wannan, kwana biyu ma'aikata su yanke hukunci cewa sabon abin ba shi da kyau.

Shi ya sa shawarata ita ce kada ka fara da Linux ɗin kwata-kwata. Ka fara da ɗora LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗin da suke kai yanzu, su yi wata ɗaya ko biyu da su. Duk fayil ɗin da zai ba da matsala zai nuna kansa alhali Excel yana nan kusa. Haka jandarmomin Faransa suka yi: a 2005 suka koma OpenOffice, wadda daga ita LibreOffice ta samo asali, daga baya Firefox da Thunderbird ta imel, sai a 2008 suka fara sauya babbar manhajar zuwa Ubuntu, wani nau'in Linux, har ta kai dubun dubatar kwamfutoci. Lokacin da aka sauya, ma'aikaci ya tarar da kayan aikin da ya riga ya saba da su. Birnin Munik na Jamus kuwa ya kai kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux zuwa 2013, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Akwai siyasa a ciki, akwai kuma kukan manhajoji na musamman da musayar takardu da sauran hukumomi. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar da za ta kwashe kwamfutoci 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Masu kuɗi ma ke nan a hankali suke bi.

Game da wacce za a ɗora, kada ka bari yara su mayar da ofishinka fagen gardama, don Linux iri-iri ce kuma kowa da gwaninsa. Ni Linux Mint nake sa wa ofisoshi. Daga Ubuntu aka gina ta, fuskarta kuma ta yi kama da Windows 7, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda hannu ya saba. Mint 22 tana da gyaran tsaro har 2029. Kwamfutar da RAM ɗinta 4GB ne a sa mata nau'in Mint mara nauyi da ake kira Xfce, in kuma da hali a cire tsohon hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, a sa SSD mai sauri, za ka rantse sabuwa aka sayo. Ma'aikata za su yi 'yan kwanaki suna lalube kamar ɗan acaɓar da aka sauya wa babur yana neman giya, daga nan shi ke nan. Akwai ma kibod na Hausa a cikinta, ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba sai an yi dabara ba, Larabci kuma yana tafiya daga dama yadda ya kamata.

Firinta ka gwada tun kafin a goge komai. Ana iya tayar da Mint daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, a jona firinta a ga ko za ta buga. HP LaserJet yawanci da an jona take kamawa. Canon LBP2900, wadda ta cika ofisoshi saboda arahar tona, direbanta na Linux, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, yana da taurin kai, sai wanda ya san hannunsa. Ƙaramar firintar rasit ta kashiya, sikana, da na'urar ɗaukar yatsa in kuna da ita ta halartar ma'aikata, kowace a gwada ta daban.

Abin da ya fi damuna da tsarinka shi ne Kumo. In kwamfuta ta ƙi tashi a Gombe, za a samu mai zuwa. A Kumo mai gyaran da za a kira, da ya ga abin da bai sani ba, zai ce sai an yi fomatin, ya mayar da Windows ta bogi, fayiloli su tafi. Don haka reshen ya zama na ƙarshe, bayan ka samu mutum ɗaya cikin ma'aikatanka da ya iya sabuntawa, ya iya mayar da kwamfuta yadda take kafin ta lalace da manhajar Timeshift, ya kuma riƙe kalmar sirrin mai gida, wato ta mai ikon sauya komai a kwamfutar, wadda bai kamata kowa ya sani ba. Wanda zai yi muku aikin kuma ku yi yarjejeniya a rubuce cewa zai riƙa leƙowa na wasu watanni. Kuɗin da ka tsira da shi na lasisi, wani kaso nan zai tafi, gara ka san da haka tun yanzu.

A lissafina, cikin 14 ɗin nan za ka iya kwashe 10 ko 11, ka bar ta akanta, ta mai zane, da wata guda a ofishin manaja saboda fayilolin da ke zuwa daga waje. Kada a yi sauyin a lokacin saye da sayarwar damina, a bari sai kasuwa ta lafa. Kafin ranar kuma a kwafe komai a hadis biyu na waje, a buɗe a tabbatar fayilolin suna buɗuwa, ɗaya ya kwana a gidanka. In ka turo min sunan manhajar da akantanka yake amfani da ita da lambobin firintocinku, zan gaya maka waɗanda za su ba da wahala.