Taragonka ya cika tsafta

Ka tambaye ni abin da ya sa ɗan ƙaramin taragon kwal na roba da ka haɗa yake kama da kayan wasan yara, alhali fentin Humbrol na masu irin wannan haɗi ka saya, launin ma bai kauce ba. Na ɗauke shi na jujjuya bayan ka tashi jiya. Haɗin babu laifi, na aza shi kan gilashi ƙafa huɗun duk sun taɓa ƙasa. Fentin ne ka yi wa gaggawa, sannan ka bar tarago fes kamar ango.

Ɗana, san abin da kake kwaikwayo tukuna. Wannan tarago mai ɗaukar tan 16 ne na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1948. Sun ƙera irinsa sama da 200,000, aikinsa a wancan zamani ɗaukar kwal daga mahaƙa zuwa masana'antu da tashoshin wuta. Babu mai wanke shi. Ana antaya masa kwal daga sama, ana kankare cikinsa da shebur, ruwan sama na Ingila yana dukansa shekara da shekaru. Launin toka da ka shafa daidai ne, don shi ake yi wa wanda birkin hannu kawai gare shi. Wanda aka haɗa wa birkin da direba ke takawa daga kan jirgi, shi ake yi wa ja-ja mai kama da jar ƙasa. Sai dai farin layin nan da ke karkace a gefe, a juye ka yi shi. Alama ce ta ɓangaren da ƙofar ƙarshe take, don haka can ya kamata ya hau.

To ga yadda nake yi. Na farko wanka: ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, don robar tana fitowa da maiƙo, yatsunka ma suna ƙara mata. Ta bushe, sai feshin share fage siriri. Daga nan tsatsa nake fara shafawa, ba toka ba. Fenti ruwan ƙasa mai duhu da ɗan launin lemo, dabbare-dabbare. Idan ta kwana ta bushe, in ɗan jiƙa wasu wurare da burushi, in barbaɗa gishirin miya, in fesa tokar a kai. Washegari in kakkaɓe gishirin da tsohon burushin haƙori, sai ka ga tsatsa ta leƙo ta ƙarƙashin fenti kamar yadda take ci a ƙarfen gaske. Tsatsar da aka ɗiga a saman fenti kuwa, ko daga bakin ƙofa ana gane ta.

Ina za ka zuba gishirin? Wannan ba zan iya faɗa maka a baki ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka bi ta wajen tashar jirgi, ka tsaya gaban tsofaffin taragon kayan da aka jingine. Ƙirarsu daban da ta Ingila, faɗin tsohon layin namu ma ƙafa 3 da inci 6 ne, amma ruwa hanyarsa ɗaya a ko'ina. Dubi inda yake kwanciya, dubi yadda tsatsa ke zubowa daga kan ƙusa ta ja layi ƙasa, dubi bakin ƙofa inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ka ɗauko hotuna a wayarka.

Lambobin da ka manna su ma sun yi fari-fari a gefe, ka lura? Iska ce ta maƙale a ƙarƙashi, don ka ɗora su kan fenti mai kaushi. Ana shafa banish mai sheƙi a wurin tukuna, a jiƙa lambar a zame ta a kai, a danne da auduga, a ƙarshe a rufe tarago duka da banish maras sheƙi. Kuma ka tuna a ma'aunin OO da aka ƙera wannan tarago a kai, milimita 4 ƙafa guda ce a taragon gaske. Kaurin fentin da ba ka ɗauka komai ba, a jikin wannan ɗan abu mai milimita 66 kamar yaɓen laka yake, ya cinye duk ƙusoshin. Sirka da tina, shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Yanzu da hunturu ya shigo, kana gama feshi ka kifa masa roba, in ba haka ba ƙura za ta riga ka.

Na ji shi sakayau a hannu kuma. Sa masa nauyi a ƙarƙashi, ni gram 35 zuwa 40 nake kai irinsa. Amma kul ka manna ƙwayoyin dalma da farin gam na kafinta. Na taɓa yi wa taragon fasinja guda biyu haka, bayan wasu shekaru dalmar ta kumbura ta tsaga musu ciki, aikin wata guda ya tafi. Yanki fallen dalma ka manna da gam mai haɗi biyu.

Wannan kada ka kankare shi, ajiye shi a kan kanta. Akwai wani kwalin tarago na kamfanin Parkside da ba a haɗa ba a aljihun tebur na ƙasa, ɗauko ka fara da wanka. Gishirin kuma ka roƙa a cikin gida, nawa ya ƙare.