Hadaya, Baiko da Layya: Amsa ga Masu Karatu

Wata malamar firamare daga Malumfashi ta rubuto tana cewa ta ji fasto yana wa'azi a kan "hadayu na ruhu", kuma tana son sanin ko kalmar hadaya ta dace da abin da ba a zubar da jini a cikinsa ba.

Malama, ta dace ƙwarai. Abin da ya jawo shakkar shi ne yawancinmu mun fara jin kalmar a bakin alhazai, waɗanda ke kiran dabbar da ake yankawa a Mina da suna hadaya, har kunne ya saba haɗa ta da wuƙa. Amma a Larabci, inda muka aro ta, tushenta ɗaya da hadiyya, wato kyauta, saboda haka zuciyar kalmar miƙawa ce ga wanda ya fi ka, yanka kuwa hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin miƙawar. A kan wannan ma'ana koyarwar Kirista ta tsaya. A cikin Littafi Mai Tsarki, Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 10, ta koyar da cewa Yesu Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, babu sauran bukatar ɗan rago a kan bagade. Daga nan 1 Bitrus 2:5 ta kira masu bi duwatsu masu rai da firistoci masu miƙa hadayu na ruhu, Romawa 12:1 ta ce jikin mutum kansa hadaya ce mai rai, Ibraniyawa 13:15-16 kuma ta ambaci yabon da ke fita daga leɓe, da yin alheri, da raba abin hannu da mabukata. Tun kafin waɗannan duka, Zabura 51:17 ta riga ta sa karyayyar zuciya a gaban bijimi.

Na taɓa halartar sujadar godiyar kaka a wani ƙauye kusa da Kafur, inda mata suka shigo da dammunan dawa a ka, wani dattijo ya rungumo zakara, wata tsohuwa kuma ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yan kuɗin da ta ƙulle a ciki, tana waƙa muryarta na rawa. Ba a yanka ko tsuntsu ba a ranar, amma duk wanda ya ga fuskarta ba zai yi musun cewa hadaya ta miƙa ba.

Tunda an taɓo maganar, akwai kurakurai biyu da suke damuna. Na farko, hadaya kalmar tamata ce, don haka "hadaya ta ruhu" ake cewa, jam'inta kuma "hadayu na ruhu". Masu cewa "hadaya na ruhu" a kan mumbari, alhali an haife su a ƙasar Katsina, ba su da uzuri. Na biyu ya fi muni, domin na ji wani matashi yana neman ƙawata magana ya ce "hadayar rauhanai". Rauhanai a kunnen Bahaushe aljanu ne, kuma a yankin da kakannin jama'a da yawa Maguzawa ne masu yi wa iskoki yanka a gindin tsamiya, wannan tuntuɓen harshe yana juya ma'anar gaba ɗaya. A ce ta ruhu, ko ta ruhaniya, a tsaya nan.

Wani ɗalibi daga Daura ya tambaya ko layya da hadaya abu ɗaya ne.

Ɗana, ba ɗaya ba ne. Layya ta keɓanta ga yankan babbar salla, ba a kuma aro ta zuwa yabo ko addu'a. Harafin "l" da ke farkonta ragowar "al" ce ta Larabci da ta manne wa kalmar, kamar yadda ta manne a liman, lahira, lafiya da labari.

Wani magidanci daga unguwar Ƙofar Ƙaura ya ce ya ji maƙwabcinsa Kirista yana cewa zai ba da baiko a majami'a, shi kuwa baiko na aure kawai ya sani.

Malam, ku biyun kuna da gaskiya, domin kalmar daga bayarwa ta fito. A gidan aure yarinya ake bai wa manemi, a majami'a kuwa abin da mai bi ya sa a faranti ko jaka ran Lahadi shi ne baiko. Kowane baiko yana iya zama hadaya idan da zuciya ɗaya aka ba da shi, kamar yadda Manzo Bulus ya kira gudummawar da Filibiyawa suka aika masa hadaya mai ƙanshi a wasiƙarsa zuwa gare su, 4:18, amma hadaya ta fi baiko faɗi. Kashi ɗaya cikin goma kuwa, wanda da yawa ke kira zakka, sunansa mafi daidai ushiri.

Wata mai karatu daga Funtuwa ta tambaya ko "yaba kyauta tukuici" ya yi daidai da hadayar yabo.

Ya kusa, Malama, sai dai tukuici ɗan aike ake ba, yabon kuwa ga Mai kyautar kansa ake miƙa shi.