Ka Fara Zana Iska

Ɗana, na duba taswirar da ka bar mini a kan tebur da shafuka huɗun nan na labari, na kuma ga tambayar da ka rubuta a bayan takardar: "Malam, ka ce masarautata ta teku da labarin kafuwarta ba su san juna ba. To wanne zan gyara, taswirar ko labarin?" Ban amsa maka a tsaye ba ran nan, domin magana ce mai son zama.

Bari in maimaita abin da ka kawo, mu tabbata abu ɗaya muke kallo. Tsibirai bakwai ka jera kamar 'ya'yan carbi. Babban birni yana gaɓar gabas ta tsibirin da ya fi girma, da dogon dutse a bayansa. Labarin kuma ya ce sarauniyar aljanun ruwa ta ga wani jarumi ya kwanta mata a rai, ta miƙa masa kambin lu'ulu'u, ta ce teku ta zama tasa. Hannunka ya faɗa a zane, wannan ba na musu. Amma ɗauki labarin nan ka ɗora shi a kan kowane tsibiri da ke duniya, zai zauna daram ba tare da an canja kalma ɗaya ba. A nan ciwon yake.

Ajiye labarin tukuna. Taswirar ma ba da gaɓa za ka fara ba. Ɗauko fensir ka zana kibiyoyi a kan ruwan, waɗanda za su nuna daga ina iska ke busowa, a wane wata, da lokacin da take juyawa.

Ga dalili. Jirgin da ƙyalle ke ja ba ya zuwa inda sarki ya so, inda iska ta yarda yake zuwa. A tekun Indiya, daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska na busowa daga arewa maso gabas, ta kwaso jiragen Larabawa da na Indiya ta kawo su gaɓar gabashin Afirka. Daga Afrilu sai ta juya, ta mayar da su gida. Masu magana da Suwahili suna kiran ta farko kaskazi, ta biyu kusi. Yanzu dubi Kilwa, ɗan tsibirin nan da ke gaɓar Tanzaniya ta yau. Ba wani girma gare shi ba, amma da Ibn Battuta ya je a 1331 ya lissafa shi cikin birane mafiya kyau da ya gani. Me ya ɗaga shi? Kusan nan ne iyakar kudu da jirgi zai iya kaiwa daga Indiya ya kuma koma cikin zagaye ɗaya na iska. Zinariyar da ke fitowa ta Sofala, can ƙasa da shi, sai ta bi ta hannun Kilwa kafin ta hau manyan jirage. Iska ce ta naɗa sarakunan garin, ko da yake ba haka mawaƙansu za su faɗa ba.

To koma ga naka. A shafi na uku ka rubuta da hannunka cewa iskar gabas ba ta hutawa a ƙasar, sannan ka dasa birnin da tashar jiragensa a gabas, suna fuskantar iskar nan ƙiri da muzu. Duk jirgin da ya jefa anka a wurin, iska da raƙuman ruwa za su yi ta tura shi kan duwatsu, kuma fita daga tashar zai zama yaƙi kullum. Na san wannan kuskure domin na taɓa yin sa. Ina matashi na kai wa wani tsohon matuƙi taswirar da na yi wata biyu ina ƙawatawa. Ya ɗora yatsa a kan birnina ya yi shiru, can ya ce, "A nan matan gari za su riƙa tsayawa suna kallon mazajensu na nutsewa." Maganar ta daɗe tana yi mini zafi, kuma tun daga ranar ban sake zana tasha ba sai na san bayan da iska take.

Mayar da tashar yamma, a inuwar dutsen, inda ruwa ke kwance. Da ka yi haka za ka ga ƙasar ta fara yi maka magana da kanta. Iskar da ta ratso teku tana ɗauke da danshi. In ta ci karo da dutse sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a gefen da ta fito. Kafin ta gangara ɗaya gefen ta bushe. Haka manyan tsibiran Hawai suke, gefe ɗaya shar da kurmi, ɗayan kuma ƙeƙasasshe. Ke nan gabashin tsibirinka ne ke da koguna da gonaki da manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi da su, amma ba shi da matsayar jirgi. Yammaci na da tasha da rana mai ƙafar da gishiri, amma ba shi da katako, ba shi da kogi. Sarkin jiragen ruwa yana zaune a inda ba a iya gina jirgi sai da izinin mutanen bayan dutse. Ka ga masarauta ta samu ciwon da za ta rayu da shi shekara dubu, kuma kai ba ka ƙago komai ba, kibiya kawai ka zana.

Yanzu ne lokacin labari ya yi. Ka lura da yadda mutanen teku na gaske suka ba da labarin asalinsu.

Mutanen Kartaj, a Tunisiya ta yau, sun ce wata gimbiya mai suna Elissa ce ta gudo daga birnin Taya bayan ɗan'uwanta ya kashe mijinta, a shekara ta 814 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta roƙi masu ƙasar su sayar mata da fili gwargwadon abin da fatar sa guda za ta kewaye. Suka yarda. Ta sa aka yanka fatar siriri-siriri, aka ƙulla, ta kewaye tudu guda cur. A Kilwa kuwa cewa aka yi wani ɗan sarki daga Shiraz, Ali bin Hasan, ya sayi tsibirin da ƙyallaye masu launi waɗanda suka isa su zagaye shi. Da mai sayarwa ya so ya warware ciniki, sai ya tarar an haƙe 'yar ƙasar da ta haɗa tsibirin da tudu, ruwa ya shiga tsakani. Wurare biyu masu nisa da juna, zamani daban, amma ƙashin labarin ɗaya ne: mu baƙi ne, ta ruwa muka zo, ba mu ƙwace ba, saye muka yi, kuma mun fi ku dabara. Wannan takardar shaidar fili ce aka mayar tatsuniya don yara su haddace. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ka ji jama'a sun nace wa wani labari, akwai wanda suke ba amsa da shi.

Na Aisilan, tsibirin nan na can arewacin tekun Atlantika, ya fi taɓa ni. An ce da Ingolfur Arnarson ya hango ƙasar a wajen 874, sai ya jefa ginshiƙan kujerarsa ta gado cikin teku, ya yi alkawarin zai zauna duk inda suka fita. Bayinsa suka yi shekara uku suna bin gaɓa kafin su same su a wurin da ya zama Reykjavik. A baki, alloli ne suka zaɓa masa mazauni. Ni kuwa a ganina akwai ilimin matuƙi a ƙarƙashin ibadar: inda ruwa ya kai ginshiƙi, nan zai riƙa kai kowane gungume da ke yawo a teku, kuma wannan dukiya ce a ƙasar da ba ta da manyan itatuwa. Irin labarin da nake so ka koyi yi ke nan, wanda mai imani zai ji ya gamsu, masunci ma ya ji ya gyaɗa kai.

Kada ka kori aljanarka. Ina son ta. Abin da ba na so shi ne kyautar da ta yi a banza. Mutumin da ya binne 'yan'uwa a ruwa ba zai yarda teku na bayarwa ba tare da ta karɓa ba. Dubi Benis, a Italiya ta yau: birni a kan turakun katako a tsakiyar ruwan gishiri, wanda a da ruwan shansa ma na sama ne da aka riƙa tarawa a rijiyoyi ana tacewa da yashi. Kowace shekara shugabansu yakan fita cikin jirgin alfarma ya jefa zobe a teku, alamar an ɗaura aure tsakanin birnin da ita, kuma sun yi ta yin haka ɗaruruwan shekaru har jamhuriyar ta faɗi a 1797. Aure suka kira shi, domin aure alkawari ne da ake sabuntawa, da hakki a kan kowane ɓangare.

Ga hanya ɗaya, in ka ga dama ka bi, in ba ka gani ba ka nemo wadda ta fi. Mutanenka sun iso yamma da jirage uku, tulunansu sun ƙafe, gaɓa ba kogi. Abin da suke mutuwa a kansa ruwan sha ne, kambi ba zai jiƙa maƙogwaron kowa ba. Sai aljanar ta nuna wa jagoransu wani marmaro mai daɗi da ke ɓuɓɓugowa a ƙarƙashin teku, wanda ba a kai gare shi sai ruwa ya janye sosai. Wannan ba ƙarya ba ce tsagwaronta: a Bahrain an san irin waɗannan idanun ruwa a ƙasan teku, a da masu nutso kan cika salkunansu daga ciki. Teku kuma ta fi cikowa da janyewa a lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa. To me ta nema a madadin? Ka ce duk daren da wata ya cika, sarki ba zai kwana a tudu ba, a kan ruwa zai kwana shi kaɗai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga wannan sharaɗi guda ka samu kalandar ƙasar, ka samu sarautar mai tsaron marmaro wanda ko sarki na shakkarsa, ka samu daren da maƙiya suka san inda za su sami sarki ba dogari, ka kuma samu ranar da wani sarki mai girman kai zai ƙi fita.

Sannan ka haura dutsen ka tambayi mutanen gabas. Su za su ce maka ba wata aljana. Kakarsu ce, wata tsohuwa mai tsintar kawa, ta ji tausayin baƙi ta nuna musu ruwa, kuma har yau ba a biya ta ba. Shi ya sa duk itacen da za a sare domin jirgin sarki sai an roƙa sau uku. Ka rubuta duka biyun da gaskiyar zuciya, kada ka raba gardama. Masarautar da ke da labarin asali ɗaya tak, ba a taɓa zalunci a cikinta ba ke nan, kuma mai karatu ba zai yarda da ita ba.

Sunayen wurare kuma, daina ƙirƙiro su daga sautin da ya yi maka daɗi a kunne. Matuƙi abin da ya gani daga kan jirgi yake kira. Reykjavik na nufin lungun teku mai hayaƙi, saboda tururin maɓuɓɓugan ruwan zafi. Turawan Fotugal da suka shiga kogin Wuri a 1472 sun tarar da jatan lande jingim, suka kira shi kogin jatan lande da harshensu, daga nan sunan Kamaru ya fito. Ana kuma cewa Bartolomeu Dias, da ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka a 1488, sunan guguwa ya laƙaba wa tsinin, sarkinsa ne ya sauya shi zuwa na kyakkyawan fata. Ba wa wasu wurarenka suna biyu haka, na fada da na 'yan jirgi. Ka tuna kuma da abin da ido ke iya kaiwa: mutum a tsaye a bakin ruwa bai wuce ya hango kilomita 5 ba, wanda ya hau mita 30 a saman jirgi zai kai wajen 20, amma ƙololuwar dutse mai tsawon mita 1,000 ana ganinta daga nisan da ya haura kilomita 100. Dutsenka ne abin da masu ƙishirwan nan suka fara gani, kwana guda kafin su ga ƙasa. Ba yadda za a yi ya rasa suna a labarin, ko a rantsuwar mutanen gari.

Ƙananan gyare-gyare biyu. Koginka na gabas ya rabu biyu a tsakiyar tudu, kowane reshe ya nufi tasa gaɓar. Koguna haɗuwa suke yi in suna gangara, ba sa rabuwa sai dab da bakin teku. Ƙananan tsibiran nan uku na murjani kuma ka cire musu koguna gaba ɗaya, ba su da tudun da zai haifi kogi. Ka ba su abin sayarwa, kamar yadda mutanen Maldib suka riƙa ba da wuri da igiyar ɓawon kwakwa suna karɓo shinkafa daga Bengal.

Ka dawo mini da taswirar ranar Alhamis, da fensir kawai, kada ka sa tawada. Ina son in ga kibiyoyin iska na rabin shekara biyu, da alamar duk inda ake samun ruwan sha, da inda katako yake. Tsakanin kowane tsibiri da ɗan'uwansa ka rubuta kwana nawa ne zuwa, kwana nawa ne dawowa, domin mai bin iska da mai saɓa mata ba sa isa rana ɗaya. Gurbin sunan masarautar da ke saman takarda ka bar shi fari tukuna, sai mun ji abin da mutanen jirgin farko suka furta da suka hango dutsen.